Kafin Ka Yarda a Fasa Maka Inji

 Gaisuwa ga mutanen Garwa da Marwa da Ngaundere, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka, Yola da Mubi, da masu kama mu daga Afirka ta Tsakiya. Yau daga Meiganga nake magana, wato Meiganga ta Kamaru, babban garin yankin Mbere a Adamawar wannan ɓangaren, ba Maiganga ta Gombe mai kwal ba. Zancenmu kuwa a kan giya ne. A'a malam, kada ka kashe rediyo, giyar babur nake nufi, wadda masu jin Faransanci a nan suke ce wa bites.

Kwanakin baya wani saurayi ɗan acaba ya turo babur ɗinsa garejinmu, ya jiƙe sharkaf da zufa. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya ce, "Baba, giya ta mutu. An ce mini sai an fasa inji an zuba sabon saiti." Babur ɗin ba nasa ba ne, kullum yamma yana kai wa mai shi balas, kuma har ya yanke shawarar sayar da tunkiyar da yake kiwo don ya biya kuɗin aiki. Na ce, "Ɗana, zauna ka sha ruwa tukuna." Na ɗora babur a kan jak, inji a kashe, ina juya tayar baya da hannu ina taka giya. Ɗaya, biyu, uku, har ta ƙarshe, duk suka shiga lafiya lau. Da na tayar da inji na ja kulochi na taka lamba ɗaya, sai ƙaf! babur ya zabura. Na leƙa gindin hannun kulochi, ashe wayar ce ta tsintsinke, saura 'yan silalla uku ke riƙe da ita. Muka canja waya, ya hau ya tafi, tunkiya tana nan a turkenta.

Abin da nake so ka riƙe a yau ke nan, ɗan'uwa. Ciwon giya daga waje ake fara nemansa, a bi shi sannu a hankali zuwa ciki, a fara da abu mai araha kafin mai tsada. Fasa inji shi ne mataki na ƙarshe, kuma akwai alamomin da ke nuna an iso wurin. In ka san su, ba mai cin kuɗinka a banza, kai ma ba za ka ci gaba da hawan babur ɗin da zai yar da kai a gangare ba.

Wane irin babur muke magana a kai? Tsofaffin nan da suka ƙi mutuwa. Akwai Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975 musamman don ƙasashe irin namu, inda hanya ba kyau kuma ba kowa ke juye baƙin mai a kan lokaci ba. Yawancin baburan Sin da suka cika tashoshinmu zubin injinsa aka kwaikwaya, don haka wanda ya san cikin CG ya san cikin 'ya'yansa da jikokinsa. Akwai Suzuki A100 da ƙanensa AX100 masu hayaƙi, akwai Yamaha AG100 na shiga daji, sannan ga dangin Honda Super Cub, wanda ya fito tun 1958, kakan waɗanda ake kira roba-roba a Najeriya. Sunayensu daban, amma hanjin giyarsu kusan ɗaya ne.

Bari in kwatanta maka hanjin a taƙaice, don wanda bai san abin da ke ciki ba, duk abin da aka gaya masa sai ya yarda. A cikin akwatin giya akwai sanduna biyu, kowace da jerin gurayen ƙarfe masu haƙora, kuma haƙoran kullum a sarƙe suke da juna. Abin da ke sa a ce giya ta shiga wasu 'yan ƙahoni ne a gefen guru, masu faɗawa cikin ramukan maƙwabcinsa su kulle shi. Masu tura gurayen hagu da dama wasu ƙarafa ne kamar cokali mai yatsu biyu, makanikai na ce musu fok. Su kuma cokulan, wata 'yar ganga ce mai zane-zanen kwari a jikinta take tafiyar da su. A bakin gangar akwai wani ƙarfe mai siffar tauraro, da ɗan hannu mai sifirin da ke danne shi don kada ganga ta juya da kanta. Kai da ƙafarka kana taka feda, feda ta murɗa sanda, sanda ta juya ganga mataki ɗaya. Kulochi kuwa, ambireyaj a bakin mutanen nan, aikinsa ya raba inji da giya na ɗan lokaci don ƙahonin nan su samu sararin shiga. Ka ga ashe hanya ce doguwa daga tafin ƙafarka zuwa ƙahonin, kuma ko'ina a hanyar ana iya samun cikas.

To, kafin a ɗauko sufana, tambaya ake fara yi. Yaushe abin ya fara? Babur ya faɗi ne ta hagu? An juye mai kwanan nan? An tsallaka rafi da shi? Da sanyin safiya yake yi ko sai inji ya yi zafi? A giya ɗaya yake yi ko a dukkansu? Makanikin da bai yi maka waɗannan tambayoyi ba ya kama kwance kusoshi, ka yi hattara da shi. Kuma in babur ɗin sabo ne a hannunka, fara sanin tsarin giyarsa. Wani lamba ɗaya ƙasa ce, sauran sama. Wani duk ƙasa ake takawa, daga ta ƙarshe ya zagayo ya koma firi. Na sha ganin wanda ya sayi na hannu ya dawo yana rantsuwa giya ta lalace, alhali ƙafarsa ce ba ta saba ba. Haka nan babur in yana tsaye cik, giya kan ƙi shiga sai an ɗan gusa shi gaba ko baya, domin ƙahoni ba su daidaita da ramuka ba. Wannan halinsa ne, ba ciwo ba.

Sai duba na waje, wanda kai da kanka za ka iya yi a ƙofar gida. Fara da fedar giya. Kama ta ka girgiza. In tana lilo a kan sandarta, ƙila kusar da ke matse ta ce ta saki, ko kuma 'yan haƙoran bakin sandar sun cinye, kana takawa feda na tafiya sanda na tsaye. A nan ne mutane ke tafka kuskure, su ruga wurin mai walda ya liƙe feda da sanda. Ranar za ka ji daɗi. Amma ran da robar da ke tare mai a wurin ta fara yoyo, ko ake bukatar zare sandar, sai an yanka, ga zafin walda ya riga ya ƙona robar. Duba kuma ko feda ta lanƙwashe tana gogar murfin inji ko matakin ƙafa. Mu nan ƙasarmu ja ce mai danƙo, damina kuma doguwa, tun daga wajen Afrilu har Oktoba. Wanda ke bin hanyar Ngawi ko Johon ya san yadda laka ke daskarewa a gindin feda ta zama kamar siminti. Wani lokacin ruwa da burushi da ɗigon mai su ne duk maganin.

Daga nan sai sarƙa. In ta yi sako-sako, duk canjin giya sai ka ji fizga da ƙara, har ka zaci daga ciki ne. In kuma an ɗaure ta tamau, tana jan sandar giya tana cin boris. A yawancin ƙananan babura, wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta ya isa, na daji yakan so fiye da haka. Ka auna da mutum zaune a kai, tunda da kaya yake aiki.

Na uku, wayar kulochi, wadda ta kusa cin tunkiyar yaron nan. Hannun kulochi yana bukatar ɗan wasa kafin ya fara ja, kamar milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun, wato kaurin yatsa guda ko fiye kaɗan. In wasan ya yi yawa, ko ka matse hannu har ƙarshe kulochi bai gama saki ba. Alamarsa, lamba ɗaya ta shiga da ƙara, babur yana jan jiki gaba alhali ka riƙe kulochi, kuma neman firi ya zama aiki sai ka kashe inji. In kuma babu wasa ko kaɗan, sai kulochi ya riƙa santsi: ka murɗa totur a hawa, inji na kururuwa, babur na tafiyar hawainiya. Duba silo ma. In inji na gudu da yawa a tsaye, dole giya ta shiga da duka.

Na huɗu, baƙin mai. A waɗannan babura faifan kulochi cikin mai suke iyo, don haka lafiyar mai ita ce lafiyar giya. A CG mai ɗaya ne ke hidimar inji da kulochi da giya, kuma duka-duka kusan lita guda ne, ka ga in ya ragu ko ya ƙone ba mai ceto. Zaro ma'auni ka duba. In ya yi baƙi ƙirin ya yi kauri yana warin ƙuna, ya gama aiki. In ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, abin da ke yawan faruwa ga masu tsallaka rafi da damina. Lura da yanayi kuma. Meiganga a kan tudu take, wajen mita 1,000 sama da teku, sanyin safiyar Disamba da Janairu kan sa mai ya yi nauyi faifai su manne. In bayan minti kaɗan da ɗumama giya ta saki, ba wani abin tsoro. A Garwa kuwa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, man da ba shi da kyau tsinkewa yake kamar ruwa, giya ta yi tauri bayan doguwar tafiya. Man mota ma ba kowanne ya dace ba, wasu an zuba musu sinadarin ƙara santsi, kulochi kuwa kamu yake so. Nemi gorar da aka rubuta JASO MA a jikinta, ma'auni ne da Japan ta fitar a 1998 don baburan da kulochinsu ke cikin mai. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, wanda ba ka san asalinsa ba, araha ce mai tsada.

Ku kuma masu A100 da AX100 da AG100, ku buɗe kunne. Man da kuke zubawa a ƙaramin tanki, wanda ke ƙonewa ya fita da hayaƙi, ba ya zuwa wurin giya ko kaɗan. Akwatin giya yana da nasa man daban, da nasa bakin zubawa. Na taɓa buɗe wani na tarar da abin da bai cika kofin shayi ba, mai shi yana ce mini, "Wallahi maigida kullum ina zuba mai." Gaskiya ya faɗa, sai dai ba a nan yake zubawa ba.

In duk waɗannan huɗun lafiya suke, sai a yi gwajin da na yi wa yaron nan, shi ne alƙalin da ke raba gardama. Ɗaga tayar baya, kashe inji, kana juya taya kana bin giyoyi ɗaya bayan ɗaya, hawa da sauka. In sun shiga sumul a kashe amma suka yi gardama a kunne, laifin kulochi ne. In a kashe ma sun ƙi, to sai a dubi sanda da tauraro da abin da ke bayansu.

Ko a nan ma ba a kai ga fasa inji ba. Murfin dama kawai za a cire, bayan an tsiyaye mai. A bayansa kulochi yake. A fitar da faifan, a duba masu fata ko sun cinye, a ɗora na ƙarfen a kan gilashi a ga ko sun kwanta daidai. Wanda ya karkace ko ya yi shuɗi don zafi, shi ke hana kulochi saki. A shafa yatsun kwandon da faifan ke zama a ciki. In sun yi tsaga-tsaga kamar bakin zarto, faifai na maƙalewa a nan. A bayan kulochin kuma ga sifirin da ke dawo da feda. Wanda ya taka feda ta zauna a ƙasa ba ta dawo ba sai ya ɗago ta da yatsan ƙafa, galibi wannan sifirin ne ya karye, ko kuma sanda ta lanƙwashe a faɗuwa. Ga kuma tauraro da ɗan hannunsa. In kusar tauraro ta saki, ko sifirin hannun ya mutu, za ka ji feda ta yi laushi ba ta da wannan ɗan "ƙas" na shiga, giya tana faɗawa firi a tsakanin kowace lamba, yau a uku gobe a huɗu. Duk wannan aikin yini ɗaya ne, inji yana kan babur ba a sauke shi ba.

Masu roba-roba da dangin Super Cub, naku da ɗan bambanci, tunda ba ku da hannun kulochi. Fedar ce da kanta take sakin kulochi in an taka ta. A jikin murfin dama akwai wata kusa da noti ya kulle. A sassauta notin, a juya kusar zagaye ɗaya ta dama, a dawo da ita ta hagu a hankali har a ji ta ɗan cije, sannan a mayar da ita dama kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a kulle. Sau da yawa wannan kaɗai ke kawar da fizgar da ta dame ka wata da watanni.

To yaushe ne fasa inji ya zama dole? Idan giya ɗaya tak ce ke fita da kanta, kullum ita, kuma sai an ɗora mata nauyi. Yawanci lamba biyu ce. Ka ɗauko buhunan garin rogo, ka kama hawa, ka murɗa totur, sai fau! ta tsallake firi, inji ya yi ihu. Wannan ƙahonin nan ne suka gulmu, bakinsu ya zama kamar kan tabarya, ba sa iya riƙe rami. Ko kuma cokalin da ke tura su ya lanƙwashe. Haka idan wata lamba ta ƙi shiga sam alhali sanda da tauraro lafiya, ko ana jin kuka da gurnani a lamba ɗaya kaɗai. Shaida ta ƙarshe tana cikin mai: a tsiyaye shi a kwano mai tsabta a kai rana. Ɗan ƙyalli kamar ƙura ba komai, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe da za ka iya ɗauka da yatsa, magana ta ƙare.

In an kai nan, kada ka ja lokaci. Na san wani magidanci da ya yi wata uku yana danne feda da ƙafa don kada lamba biyu ta fita. Dannewar nan ita ta ƙarasa cinye cokalin. Ran nan yana saukowa gangare da matarsa a baya da kaya, giya ta kuɓuce, birki ya yi zafi ya ƙi kamawa, sai cikin kwari. Allah ya kiyaye rai, amma ƙafa ta karye, noman bana ya wuce shi. Duk wanda ya taɓa sauka dutsen nan na hanyar Ngaundere zuwa Garwa ya san a gangare inji ne rabin birki. Masu sa firi a gangare don tsimin fetur, sannan su cusa giya babur na gudu, ku ne manyan abokan cinikin masu sayar da saitin giya, kuma kuɗin fetur ɗin da kuka tsimi bai kai na allurar asibiti ba.

Idan za a fasa, ka tsaya a wurin, ko ka aiko wanda ka yarda da shi. A nuna maka abin da ya lalace da idonka, gani ya kori ji. In guru ɗaya ya gulmu, a canja shi tare da abokin kullewarsa da cokalinsu, don sabo da tsoho ba sa daɗewa tare. A sa sabon gasket da sabbin robobin mai. Kayan gyara kuwa, ko daga Ngaundere aka kawo su mai nisan kilomita kusan 160, ko daga Mubi suka ƙetaro, a gwada da tsohon a tabbatar adadin haƙora ɗaya ne, domin 'ya'yan CG kama suke yi da juna amma ba duka suke musayar kaya ba. Tsofaffin kayanka kuma a ba ka abinka.

'Yan'uwana makanikai, ku ma ga taku. Na san fasa inji ya fi kawo kuɗi fiye da canjin waya. Amma garin nan ƙarami ne, kuma 'yan acaba a inuwa ɗaya suke zama. Yaron da na ce ya sha ruwa, abokan aikinsa nawa ya turo mini daga baya? Ku koya wa yaranku tambaya kafin sufana, ku hana su guduma a kan sandar giya.

Kai kuma mai babur, ɗauke ƙafarka daga kan feda in ba canji za ka yi ba. Ja kulochi har ƙarshe, taka giya cikakkiya ba da duka ba, ka juye mai a kan lokaci, ka ɗiga wa waya mai kafin damina. In ciwo ya zo, ka bi shi bi da bi: feda, sarƙa, waya, mai, gwajin kashe da kunne, murfin dama, sannan cikin inji. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa birki, tunda mun ambace shi. Masu tambaya su aiko ta hanyar da aka saba, a faɗi irin babur da lokacin da yake yin abin. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a sana'a. Sai an jima, a huta lafiya.